YARON DA KE GYANGYAƊI A WAJEN KOYON SANA'A: LALACI NE KO RASHIN GANIN GABA?

Akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a bakin masu koyar da sana'a a yankin Funtuwa da Malumfashi, tun daga malamin kwalejin koyon sana'a har zuwa bakaniken da ke bakin hanyar Gusau da telan da ke cikin kasuwa. Kukan kuwa shi ne wai yaran yanzu ba su son koyo. A kawo yaro da safe, kafin azahar ya sulale. Wanda ya zauna kuma gangar jikinsa ce kawai a wurin, hankalinsa yana cikin waya. In an tambaye shi me yake so ya zama, sai ya sunkuyar da kai ya ce duk abin da Allah ya yi. Wata uku, wata huɗu, sai a neme shi a rasa, sai labari ya zo cewa ya karɓi babur yana acaɓa, ko kuma ya bi mota ya nufi Abuja ko Legas.

Hukuncin da aka saba yankewa guda ɗaya ne, wato lalaci. Maganin da aka saba bayarwa shi ma sananne ne: faɗa, gori, bulala, in an gaji a kira uban yaro a ce ya zo ya ɗauki abinsa. To amma masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk mai son gaskiya ya jira kaka ta yi, ya leƙa gonakin Bakori da Ƙafur da Ɗanja. Wannan yaron da ake ce wa malalaci shi ne zai gani tun kafin rana ta fito yana karyar masara, yana yankan dawa, yana ɗibar auduga har la'asar. Ranar kasuwar Ɗandume kuma shi ne ke saɓa buhu a kafaɗa yana lodin mota. Wai shin malalaci yana wannan aiki? To me ya sa mai ƙarfin ƙwadago a gona ya koma mai gyangyaɗi a gareji?

Amsar ba ta da nisa. A gona yaro ya san abin da zai karɓa in rana ta faɗi, kuma yana ganin tarin masara na ƙaruwa a gabansa da aikin hannunsa. A wajen koyon sana'a kuwa sau da yawa bai san abin da zai iya nan da wata shida ba, bai san ranar gamawa ba, bai san inda zai samu kayan aiki in ya gama ba, ballantana ya san wanda zai kawo masa aiki. Ba ƙarfi ya rasa ba, ba kuma ƙwaƙwalwa ba. Hanya ce bai gani ba, kuma ɗan Adam ba ya sauri a kan hanyar da bai san inda ta nufa ba.

ABIN DA IYAYE SUKA GANI, 'YA'YA BA SU GANI BA

Wajibi ne a tuna cewa wannan yanki bai taso da zaman banza ba. Tun zamanin Turawa kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka yi gonar renon irin auduga a Daudawa, layin dogo kuma ya ratsa Funtuwa daga Zariya ya isa Ƙauran Namoda a 1929. A 1975 aka soma shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya fitar da hanyoyin karkara, ya kawo taki da ingantaccen iri, ya kuma buƙaci direbobi da makanikai da magina. Ga masaƙar Funtuwa, ga manyan masaƙun Kaduna da ke shanye audugar yankin. Saurayin wancan lokaci in ya riƙe sifana ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, domin yana ganin yayyensa suna fita aiki da safe suna dawowa da albashi a ƙarshen wata.

Sai al'amura suka juya. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga, a ƙarƙashin shirin SAP. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta. Daga baya ga masifar 'yan bindiga da ta addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, har ta kai ga sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Yaron da aka haifa a cikin wannan hali bai taɓa ganin waccan ƙofa a buɗe ba. Wani ma iyayensa gudun hijira suka yi daga ƙauye suka baro gona da shanu. In irin wannan yaro ya zauna shiru a aji, ba raini ba ne, kaya ne a zuciyarsa.

SHIRYE-SHIRYE SUN YI YAWA, MAHAƊI NE BABU

Ba za a ce hukuma ba ta taɓa tunanin koyar da sana'a ba. An kafa asusun ITF a 1971, an kafa hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha a 1977 da hedikwata a Kaduna. A 1982 aka soma tsarin 6-3-3-4 da nufin yaro ya taɓa zarto da guduma tun yana ƙaramar sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai, amma da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. An kafa NDE a 1986 don tura matasa wajen masu sana'a, an kafa hukumar jarrabawa ta NABTEB a 1992. A matakin jiha akwai kwalejin koyon sana'a ta gwamnati a Funtuwa, akwai ƙauyen koyon sana'a na matasa da aka kafa a birnin Katsina zamanin Gwamna Ibrahim Shema. A 2016 aka zo da N-Power, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta yi shelar karatu kyauta a kwalejojinta na fasaha har da ɗan alawus ga ɗalibai.

Duk da wannan jerin sunaye, kukan bai sauya ba. Dalili kuwa shi ne akasarin shirye-shiryen suna ƙirga yawan waɗanda aka ɗauka da waɗanda aka raba wa satifiket, ba su ƙirga waɗanda suka kafu da ƙafafunsu bayan shekara biyu. Matasa kuma ba makafi ba ne. Sun ga an yi bikin yaye ɗalibai, an ɗauki hoto, an raba keken ɗinki, washegari wani ya kai nasa kasuwa domin tun farko ba ɗinki ya kai shi ba, sunansa kawai aka sa a takarda. Wanda ya ga haka sau biyu, da wace zuciya zai saurari malamin da ke zana injin a allo da alli?

A wajen masu sana'a na bakin hanya ma akwai gyara, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro zai shekara guda aikinsa sayo wa Oga abinci, ɗebo ruwa, wanke sifana da fetur, da kai saƙo gida wurin uwargida. In aka zo wurin da sirrin aikin yake, kamar saita kabureta ko ɗaura ringi, sai a aike shi sayen goro. Wani maigidan yana tsoron in yaro ya iya zai buɗe nasa wurin ya janye masa masu kawo aiki. To yaron da aka mayar ɗan aike, don me za a yi mamaki in zuciyarsa ta bar wurin?

ABIN DA KE FARKAR DA MAI KOYO

Na farko, a tambayi yaro kafin a ɗora masa. Sau da yawa uba ne ke yanke shawara shi kaɗai, ya kai ɗansa wurin kafinta don kawai kafintan abokinsa ne, alhali yaron tun yana ƙarami rediyo da tocila yake kwancewa. Babu aibi a bar shi ya yi mako biyu wurin mai walda, mako biyu wurin mai gyaran wuta, mako biyu wurin bakanike, sannan a zauna da shi a ji inda hankalinsa ya kwanta. Wanda ya zaɓa da bakinsa yana jin kunyar gudu.

Na biyu, a sa masa kayan aiki a hannu tun makon farko, a ba shi ƙaramin aikin da zai fara ya kuma gama da kansa. Ya kwance fulogi ya goge ya mayar, ya ja igiya ya ji injin ya tashi. Ya yanka ƙarfe ya haɗa ƙafar benci, ya ga mutum ya zauna a kai bai karye ba. Daɗin da ke shiga zuciyar yaro a wannan lokaci ya fi nasihar awa guda tasiri, domin gani ya kori ji.

Na uku, a yanka masa zango, a faɗa masa ranar sauka. A ce a wata uku na farko zai iya kaza, a wata shida kaza, a shekara biyu ko uku za a yaye shi. A rubuta a takarda a gaban uba da Oga da shaidu biyu, kamar yadda addini ya koyar a kan mu'amalar da ke da wa'adi. A Jamus haka tsarin yake: ɗan koyo yana da yarjejeniya a rubuce, yana kwana uku ko huɗu na mako a kamfani, sauran a makaranta, ana biyansa alawus, ya gama cikin shekara biyu zuwa uku da rabi, ya zauna jarrabawa. Ba a ce a kwaso tsarin Jamus a juye a Malumfashi ba, amma takarda ɗaya da alƙalami ba su fi ƙarfin kowane gareji ba.

Na huɗu, kuma shi ne ƙashin bayan maganar, a koyar da abin da ƙasar ke nema. Wannan yanki na noma ne, kuma noman yau a kan inji yake tafiya. Ga injin ban-ruwa a fadamu da gefen madatsun ruwa irin na Mairuwa, ga injin casar masara da waken suya, ga injin niƙa, ga abin feshi, ga garmar shanu da amalanke masu buƙatar walda, ga tarakta. Manomin tumatir a Ɗanja in injinsa ya ƙi jan ruwa saboda iska ta shiga tiyo ko kabureta ta toshe da dattin mai, kwana kaɗan ya isa shukarsa ta yi yaushi, saboda haka ko nawa ne zai biya wanda zai zo masa har gona. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin fetur ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, manoman rani da dama suka koma juya injinansu zuwa gas ko neman famfon sola. Wa zai haɗa, wa zai gyara? A 2024 kuma an buɗe tashar sauke kaya ta tudu a Funtuwa, ga manyan motoci da ba su yankewa a hanyar Zariya zuwa Sakkwato da ta Funtuwa zuwa Yashe. Malamin da ya ɗauki ɗalibansa ya kai su fadama, suka ga manomi tsaye a kan mataccen inji yana salati, ya gama yi musu bayanin amfanin darasinsa. Amma a tara yara arba'in a ƙauye ɗaya a koya musu haɗa sabulu da man shafawa, wa zai sayi na wani?

Na biyar, a yi la'akari da ciki da kuma damina. Yaron da ya fito gida bai karya ba, ba zai fahimci komai ba ko da malamin ya fi kowa iyawa. In aka yi aiki aka biya, a cire wani abu sananne a ba yaron da ya sa hannu, ya san haƙƙinsa ne ba kyauta ba. Haka kuma a san cewa daga saukar ruwa zuwa noman farko, da kuma lokacin girbi, uba yana buƙatar ɗansa a gona. Gara a yi yarjejeniya a fili cewa zai yi kwana kaza a gona ya dawo, da a bar shi ya riƙa satar jiki har kunya ta hana shi dawowa gaba ɗaya.

Na shida, a tanadi kayan sallama tun ranar da aka fara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan kabilar Ibo sun riƙe wannan da kyau: yaro ya yi wa ubangidansa hidima shekaru, ranar sallama a ba shi jari ya buɗe nasa shagon, da haka kasuwannin Onica da Nnewi suka cika da masu dukiya. Bahaushe ma ya san wannan tun zamanin fatake, lokacin da maigida ke yi wa yaronsa aure ya ba shi jari. Yau abin da ya fi sauƙi shi ne uba da Oga da yaron kansa su riƙa ajiye ɗan abu duk mako, ana sayen kayan aiki ɗaya bayan ɗaya. Wannan watan sifana, wata mai zuwa filaya, na gaba sukundireba. Yaron da ke da akwati mai ɗauke da kayansa na kansa, yana buɗewa yana ƙirgawa, da wuya ya gudu ya bar shi.

Na bakwai, a nuna masa na gaba da shi. Kowane gareji da kowace makaranta suna da tsohon ɗalibin da ya kafu, ya yi aure, yana ciyar da iyayensa, har yana da yaransa. A gayyato shi ya zauna da masu koyo ya faɗa musu yadda ya fara da wahalar da ya sha da abin da yake samu a mako. Maganar wanda suka sani a unguwa ta fi shiga kunnensu fiye da jawabin babban baƙo mai babbar riga.

MASU CEWA HAKA MUKA KOYA

Wasu dattawan masu sana'a za su ce su shekara bakwai suka yi suna shan mari da zagi kafin a bar su su taɓa injin, kuma ga shi sun zama mutane, saboda haka yaran yanzu haƙuri ne ba su da shi. Akwai gaskiya a ciki, domin sana'a ba ta samuwa sai da juriya da ladabi, kuma mai haƙuri shi ke dafa dutse. Amma su tuna cewa lokacin da suke haƙurin suna hango abin da ke jiransu, kuma babu babur ɗin haya da ke kiransu a bakin titi da kuɗin yau-yau. Sannan su ƙirga abokan koyonsu nawa ne suka gudu a hanya, waɗanda yau ba a jin labarinsu. Haƙuri na wanda ya san abin da yake jira ne. Ilimin da ke hannun Oga kuwa amana ce, kuma uban da ya kawo ɗansa ya ce ga shi nan na ba ka, ba bara ya kawo masa ba.

SAURA KU, 'YAN UWA MATASA

Duk wannan ba ya wanke matashi daga nasa laifin. Ɗan uwa mai karatu, acaɓa tana ba da kuɗi yau, amma bayan shekara goma mai ita bai ƙaru da sanin komai ba, babur ya tsufa, baya ya ƙage. Kuma sana'a ce da sanarwa ɗaya ke kashewa: an hana ta a tsakiyar Abuja a 2006, an hana ta a Kano a 2013, an hana ta a manyan sassan Legas a 2022. Wa ya taɓa jin an hana gyaran injin ban-ruwa? Masu raba kuɗi lokacin zaɓe su ma ranar da aka rantsar da su suke sauya lambar waya. Kuma babu wanda ya isa ya raina aikin hannu, alhali an san Annabi Dawud (AS) sulke yake ƙerawa yana ci daga guminsa, Annabi Zakariyya (AS) kuma kafinta ne.

Saboda haka wanda ke wurin koyo kada ya jira sai an farkar da shi. Ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum. Ya samu lokacin da Oga ke cikin nishaɗi ya rusuna ya ce, Oga, don Allah yau a bar ni in kwance wannan da hannuna kana kallo. Wayar da ke cinye masa dare, ya nemi hotunan gyaran inji a cikinta maimakon rawa da waƙa. Wanda kuma ya riga ya iya sana'a a cikin 'yan uwa, ya ɗauki ƙane ɗaya ko biyu daga majalisar unguwa, ya koya musu ba tare da ɓoye komai ba, ya kuma sa musu ranar yaye. Wanda ke da ƙane a wurin koyo ya riƙa leƙawa duk Juma'a bayan an sauko, ya gaida maigidan, ya tambaya me yaron ya iya a wannan mako. Wannan tambaya kaɗai tana gyara Oga, tana gyara yaro.

In aka ci gaba da kiran yaran nan malalata ana sallamarsu, to a sani ba gida za su zauna ba. Akwai masu jiransu a tasha da bayan gari da cikin daji, kuma su ba su gajiya da lallashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shiryi matasa, ya sa albarka a sana'o'insu, ya ba iyaye da malamai ikon sauke amana, ya kuma dawo da zaman lafiya a wannan yanki da ƙasa baki ɗaya, amin.